Darasin Lafiyar Iyali: Yunwar Ciki da Yunwar Zuciya

Da yawa daga cikinmu mun taɓa jin ma'aikacin lafiya ya ce mana, "Sai fa an rage ƙiba." Wani saboda hawan jini ne, wata saboda ciwon sukari, wata kuma gwiwoyinta ne suka gaji da ɗaukar nauyi. Muka koma gida da kyakkyawar niyya, muka rage malmalar tuwo, muka daina neman ƙari. Bayan wata biyu muka hau sikeli, sai ga allura tana nan inda muka bar ta. Idan muka binciki kanmu da gaskiya, sau da yawa za mu tarar laifin ba na kwanon tuwo ba ne. Yana wurin ƙananan abubuwan da ke shiga baki tsakanin wannan abinci da wancan: cincin, fanke, biskit, alawa, soyayyar gyaɗa, lemon kwalba, da shayi mai kaurin sukari.

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi muna so kowannenmu ya iya bambanta yunwar ciki da yunwar zuciya, ya gane dalilin da ya sa horon kai da yunwa yake ƙara ciye-ciye, ya kuma zaɓi mataki ɗaya da zai fara da shi a wannan mako. Za a iya yin darasin a zumuntar mata, ko ƙungiyar adashi, ko a tsakar gida tare da iyali.

Wannan darasi na manya ne waɗanda ƙiba ta yi wa yawa. Ba na yara masu girma ba ne, ko mata masu ciki da masu shayarwa, ko waɗanda rashin lafiya ko ƙarancin abinci ya ramar da su. Su abin da suke bukata shi ne ƙarin abinci mai gina jiki. Ga hanya mai sauƙi ta sanin inda muke: mu yanki igiya daidai tsawonmu, mu ninka ta biyu, mu ɗaura a ciki kaɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Da yayyafi kogi kan cika

Bari mu fara da lissafi. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana. Ga babban mutum, wannan kimanin giram 50 ne, wato cokalin shayi 12. Hukumar ta ce in an rage zuwa cokali 6, ya fi kyau. To, yawancin lemon kwalba na ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan robar lemo ɗaya mai rabin lita ta cinye rabon yini guda cur. Idan kuma mun sha shayi safe da yamma, kowane kofi da cokali 3, mun kai cokali 18 ba mu ko taɓa biskit ba. Kada mu manta zoɓo da kunun aya na sayarwa, su ma yawanci sukari ake labta musu.

Mai shi ma yana da nasa lissafi. Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da abin da ake kira kalori, babban mutum kuwa yana bukatar kimanin kalori 2,000 a rana. Giram ɗaya na sukari ko garin hatsi yana ba da kalori 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Shi ya sa duk abin da aka tsoma a kaskon suya yake fitowa da nauyin da ido ba ya gani. Gyaɗa abinci ce mai amfani, amma giram 100 nata ya wuce kalori 550, fiye da rubu'in bukatar yini. Mutum kuwa zai iya watsa wannan a baki yana hira, bai ma ƙidaya shi cikin abin da ya ci ba.

Akwai kuma kayan kanti da aka sarrafa a masana'anta. A wani bincike da aka buga a shekarar 2019, Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka sun ajiye mutum 20 na tsawon mako 4. Mako biyu ana ba su abincin da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iyakar son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kimanin kalori 500 kowace rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A sauran makonnin suka rage kusan haka. Irin wannan abinci mai laushi ne, yana wucewa da sauri, ciki bai ankara ba an riga an zarce.

Yunwa iri biyu

Ruwa ba ya tsami banza. Idan hannu yana yawan zuwa baki alhali mun ci abinci, akwai abin da ke aikensa. Bari mu ɗauki misalin wata uwa mai sayar da kaya a bakin kasuwa. Ta fita da sassafe ba ta karya ba, wai tana rage ƙiba. Da rana ciniki bai yi ba. Da yamma ta tarar an koro yaro saboda kuɗin makaranta, maigida kuma ya dawo da ɓacin rai. Bayan kowa ya kwanta, sai ta zauna ita kaɗai da ledar cincin da robar lemo. Tana ci tana jin sauƙi. Da ta gama sai kunya ta kama ta, ta yi alkawari gobe ba za ta ci komai ba sai dare. Gobe kuwa labarin ya maimaita kansa.

Wannan uwa ba raguwa ba ce, ba kuma mai haɗama ba ce. Yunwa biyu ne suka haɗu a kanta. Ga yadda za mu bambanta su:

Yunwar ciki tana zuwa sannu a hankali, bayan awa 4 ko 5 da cin abinci. Ciki yana ƙugi, jiki yana yin sanyi. Duk abin da aka kawo za ta karɓa, ko ɗumamen tuwo ne. Idan ciki ya cika sai ta tafi, ba ta barin nadama.

Yunwar zuciya kuwa farat ɗaya take faɗowa, ko da yanzu muka wanke hannu. Tana da zaɓi: zaƙi take so, ko maiƙo, ko gishiri. Ba ta jin ƙoshi, gama ba ciki ne ya aiko ta ba. Tana biyo bayan faɗa, ko baƙin ciki, ko kaɗaici, ko gajiya, ko zaman banza. Idan ta wuce sai ta bar mu da jin laifi.

Jiki yana da hannu a wannan. Idan damuwa ta daɗe, wani sinadari mai suna kotisol yakan yi yawa a jini, shi kuwa yana iya ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo. Zaƙi yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma tana riƙe wannan darasi. Tun muna yara aka fara koya mana shi: yaro ya yi kuka, a ba shi alawa ya yi shiru. Da muka girma sai muka ci gaba da rarrashin kanmu da irin wannan hanya. Rashin barci ma yana ƙara wutar. A wani bincike da aka buga a shekarar 2004 daga Jami'ar Cikago, an bar samari 12 suka yi barcin awa 4 kacal dare biyu a jere. Sinadarin girelin mai tada yunwa ya hau, leftin mai sanar da ƙoshi ya sauka, suka wayi gari suna marmarin kayan zaƙi da na gari.

Horon kai da yunwa ba magani ba ne

A nan ne da yawa daga cikinmu muke kuskure. Muna zaton maganin yawan ci shi ne ƙin ci. Akwai tsohon labari da ya kamata mu sani.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, miliyoyin mutane a Turai da Asiya suna fama da yunwa, masu aikin agaji kuwa suna bukatar sanin hanyar da ta fi dacewa a ciyar da wanda yunwa ta ramar. Saboda haka daga 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minesota da ke Amurka. Samari 36 masu ƙoshin lafiya suka ba da kansu. Mutane ne da suka ƙi ɗaukar makami saboda lamirinsu, da dama daga cikinsu 'yan ikilisiyoyin da ba su yarda da yaƙi ba. An rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24, suka zubar da kimanin rubu'in nauyinsu. Abin da ya faru da tunaninsu shi ne darasinmu. Hirarsu ta koma ta abinci, mafarkinsu na abinci. Waɗansu suka shiga tara littattafan girke-girke. Suka zama masu saurin fushi da baƙin ciki. Da aka sakar musu abinci, da yawa suka riƙa ci ba tsayawa, suna ƙoshi amma suna jin ba su ƙoshi ba, aka ɗauki watanni kafin cinsu ya daidaita.

Waɗannan mutane ne masu ƙarfin niyya ƙwarai, duk da haka yunwa ta rinjayi tunaninsu. Idan muka ƙi karyawa, muka tsallake abincin rana, jiki zai zo karɓar bashinsa da dare, har da riba.

Akwai tarko na biyu. A shekarar 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka ba waɗansu ɗalibai mata wani abin sha mai kaurin madara da sukari, sa'an nan suka ajiye musu askirim su ɗanɗana. Waɗanda ba su takura wa kansu a kan abinci ba, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, gama sun ƙoshi. Amma masu tsananta wa kansu sai suka ci fiye da yadda za su ci in da ba su sha ba. Tunaninsu shi ne, tun da an riga an karya doka, a ƙarasa kawai. Dukanmu mun san wannan murya: "Yau dai ta ɓaci, sai Litinin in sake farawa." Doka mai tsanani ita ce ke haifar da ita.

Matakai 7 da za mu iya ɗauka

1. Mu ci abinci a kan lokaci, sau 3 a rana. Rabin kwano ya zama ganye da kayan lambu, kamar zogale, rama, alayyafo, kabeji ko kuɓewa. Rubu'i ya zama wake, kifi, ƙwai ko nama. Sauran rubu'in tuwon dawa, gero, acca ko shinkafa. Wake da ganye suna daɗewa a ciki, suna rage neman abin taɓawa.

2. Mu yi mako ɗaya muna rubutu kafin mu canza komai. Duk lokacin da muka ci wani abu ba lokacin abinci ba, mu rubuta abu 4: ƙarfe nawa, a ina, me muka ci, me muke ji a rai. Wanda bai iya rubutu ba ya jefa tsakuwa a gwangwani, da dare ya ƙirga ya tuna. Ba domin hukunta kai muke yi ba. A ƙarshen mako za mu ga sawun ɓarawon: wani bayan la'asar ne, wata bayan ta gama waya da dangi, wani a gaban talabijin.

3. Mu jinkirta minti 10. Idan kwaɗayi ya taso, kada mu ce "ba zan ci ba har abada". Mu ce "sai an jima kaɗan". Mu sha ruwa, mu tashi daga wurin, mu tambayi kanmu: in aka kawo mini ɗumame yanzu, zan ci? In amsar i ce, yunwa ce ta gaske, mu ci abinci. In a'a ce, zuciya ce ke magana. Kwaɗayi kamar guguwa yake, yakan taso da ƙarfi ya kuma lafa.

4. Mu ba zuciya abin da take nema. Mai gajiya barci yake bukata. Mai kaɗaici yana bukatar leƙa maƙwabta. Mai fushi ya zaga unguwa da ƙafa, ko ya yi shara, ko ya faɗa wa aminin da ya yarda da shi. Mai baƙin ciki a bar shi ya yi kuka, a zauna kusa da shi. Cincin bai taɓa biyan kuɗin makaranta ba, bai kuma taɓa sasanta mata da miji ba.

5. Mu gyara gida da hanya. Ya fi sauƙi mu ƙi sayen katan ɗin biskit sau ɗaya a kanti da mu yi ta kokawa da shi kowane dare. Abin da ke ɗakin kwana mu fitar da shi. Idan akwai mai suyar da ƙamshinta ke tare mu a hanyar dawowa, mu bi wani layi. Masu sana'ar cincin, fanke ko alawa su ƙulla kayansu su ƙirga tun da safe, gutsattsari kuma kada su tsaya kusa da hannu.

6. Mu musanya, kada mu bar wurin fanko. A maimakon lemon kwalba, ruwa, ko zoɓon gida da citta da kanumfari ba sukari. A maimakon biskit, gwaiba, gwanda, kankana, lemon zaƙi, yalo, karas, kokwamba, dafaffen ƙwai ko kwaɗon zogale. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ta isa. Sukarin shayi mu riƙa rage rabin cokali duk mako, harshe zai saba.

7. In za mu ci, mu ci a fili. Mu ɗebi kaɗan a faranti, mu mayar da sauran, mu zauna, mu ajiye waya, mu tauna sannu. Ci daga cikin leda, a tsaye ko a ɓoye, ba ya da iyaka.

Biki, suna da ziyara

A al'adarmu abinci ƙauna ne, ƙin karɓa kuwa yana iya zama kamar raini. Lokacin Kirsimeti, Sallah, biki ko suna, kowane gida da nasa faranti. Kada mu je da yunwa. Mu zaɓi abu ɗaya da muka fi so mu ci da jin daɗi. Idan aka matsa, "Haba Yaya, ko ɗan kaɗan ba za ki taɓa ba?" sai mu amsa da fara'a, "Na gode ƙwarai, ƙanwata. Likita ya sa mini doka saboda hawan jini. Ba ni ruwa, wannan kuwa ƙulla mini in kai wa yara." Mu ma idan mu ne masu masauki, mu daina tilasta wa baƙo. A taron ƙungiya mu gwada ajiye ruwa da 'ya'yan itace kusa da lemo. Mu kuma daina yi wa wanda ya rage jiki tsegumin ko ciwo ne ko talauci.

Idan mun yi tuntuɓe

Za mu yi tuntuɓe, wannan tabbas ne. Wanda ya fasa ƙwai ɗaya ba ya jefar da sauran kwandon. Abin yi shi ne mu ci abinci na gaba a kan lokacinsa, kamar yadda muka saba, ba tare da biyan diyya da yunwa ba. A wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda aka buga a 2009, mutum 96 suka ɗauki sabuwar ɗabi'a guda suna yin ta kullum. A tsaka-tsaki sai da aka yi kwana 66 kafin ta zama jiki, waɗansu kwana 18, waɗansu har 254. Tsallake rana ɗaya bai rushe aikin ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba kuma sai mun koma kamar zamanin ƙuruciya ba. A Amurka an bi mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, aka buga sakamakon a 2002. Waɗanda aka taimaka wa su yi ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100 a cikin kimanin shekara 3. Ga mai kilo 80, wannan bai kai kilo 6 ba. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau.

Lokacin da ya kamata mu je asibiti

Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari kada ya tsallake abinci ko ya rage shi sai da shawarar likitansa. Sukarinsa na iya faɗuwa, ya ji rawar jiki, zufa da jiri. Irin wannan mutum ya riƙa tafiya da 'yar alawa ko ƙwayar sukari, a gare shi magani ce a wannan lokaci.

Wanda ke jin yunwa da ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, da yawan fitsari, ya je a auna sukarinsa. Wanda ke cin abinci mai yawa a lokaci guda ya kasa tsayawa, ko yake jawo amai bayan ci, ko baƙin ciki ya zauna masa fiye da mako 2, wannan rashin lafiya ne da ake magancewa, ba abin kunya ba ne. Mu kuma guji shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallatawa. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan.

Aikin ƙungiya

A kawo robar lemo mai rabin lita wadda ba komai a ciki, da sukari, da cokalin shayi. Wani ya auna cokali 12 a faranti a gaban kowa, a zaga da shi. Sa'an nan kowa ya lissafa kuɗin da yake kashewa a mako a kan ciye-ciye, ya ninka sau 52. A tattauna abin da wannan kuɗi zai iya yi wa gida.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane lokaci na yini ne hannunmu ya fi zuwa baki, kuma me ke faruwa kafin nan?
2. Mun taɓa ƙin cin abinci da rana, dare ya yi muka ci ninki? Me muka koya?
3. Da me muke rarrashin yaranmu ko saka musu in sun yi abin kirki? Me za mu iya sawa a madadin alawa?
4. Waɗanne 'ya'yan itace da ganyaye ne suke da araha a kasuwarmu a wannan wata?
5. Yaya za mu taimaki wanda damuwa ke sa shi ci, ba tare da mun kunyata shi ba?

Kafin a tashi, kowa ya zaɓi mataki ɗaya tak daga cikin 7, ya faɗa wa wanda ke zaune kusa da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tsakiyar mako su nemi juna, tambayar farko kuwa kada ta zama ta sikeli. A fara da, "Yaya zuciya, yaya barci?" A taro na gaba kowa ya zo da takardarsa ko gwangwanin tsakuwarsa, mu duba tare.